Harshen Hausa da Koyar da Ƙananan Yara Kimiyyar Haske

1.0 Gabatarwa

Kafin a kai yaro Bahaushe makarantar firamare, ya riga ya san rana da wata da taurari, ya san fitila da tocila da walƙiya, ya kuma san inuwar da ake shimfiɗa tabarma a cikinta idan rana ta take. Bayan sunayen, yana ɗauke da wani bayani nasa game da yadda waɗannan abubuwa suke aiki, kuma mafi yawan wannan bayani daga maganar yau da kullum ya tsince shi. Wani sashe na bayanin daidai yake, wani kuwa ya saɓa wa abin da kimiyya ta tabbatar. Idan malami bai san abin da ke cikin kan yaro ba, zai yi ta ɗora sabon ilimi a kan tsohon zato. Sakamakon haka shi ne yaro ya haddace bayanin makaranta don cin jarrabawa, ya ci gaba da aiki da na gida a rayuwarsa.

Matsayin harshen uwa a makarantun Nijeriya ya sha sauyawa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune a cikinta a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamban 2025 ta sanar da soke tsarin da komawa ga Ingilishi. Ko da wane harshe aka ce a yi darasi, yaro ɗan shekara shida a Gumel ko Argungu da Hausa yake tunani, da ita kuma yake fassara wa kansa abin da ya ji. Saboda haka wannan babi zai duba kalmomin haske a Hausa, ya nuna inda suke taimakon malami da inda suke iya ɓatar da yaro, sannan ya kawo matakan koyarwa da kayan da ake samu a kowane gida.

2.0 Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani Game da Haske

Ba a bukatar malamin ƙananan azuzuwa ya zama masanin kimiyya, amma akwai ginshiƙai biyar da ya wajaba su zauna masa sosai:

(a) Haske yana da mafari. Rana da wuta da ƙwan lantarki da walƙiya da ƙwaron nan maƙesu suna samar da nasu hasken. Wata da madubi kuwa aron haske suke yi su mayar.

(b) Haske tafiya yake yi daga wuri zuwa wuri, kuma a miƙe yake tafiya. Gudunsa ya kai kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Hasken rana yana ratsa kimanin kilomita miliyan 150 ya iso duniya cikin minti 8 da sakan 20. Masanin taurari Ole Roma, mutumin Denmak, shi ne ya fara nuna cewa gudun haske yana da iyaka, a 1676.

(c) Ana ganin abu ne idan haske ya taso daga gare shi ya shiga ido.

(d) Idan haske ya tarar da abu, ko dai ya ratsa shi, ko ya dawo, ko abin ya shanye shi. Idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi a karkace, yakan sauya hanya.

(e) Farin hasken rana gamayyar launuka ne masu yawa.

Duk darussan haske na firamare a kan waɗannan abubuwa biyar suke. Abin da ya rage shi ne yadda za a isar da su ga yaro.

3.0 Kalmomin Haske a Hausa

3.1 Yalwar Kalmomi

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Akwai sunaye irin su haske, annuri, walƙiya, ƙyalli, sheƙi, ƙyalƙyali, tartsatsi, inuwa, duhu, kawalwalniya da bakan gizo. Akwai aikatau irin su haska, haskaka, dallare, dushe da disashe. Akwai amsa-kama irin su wal-wal, tar, fes, dishi-dishi da ɗulum. Haka kuma Bahaushe ya rarraba yini gwargwadon matsayin rana: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, almuru. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da wata lura da kakanni suka yi. Alal misali, bambancin da ke tsakanin "fitila tana haske" da "tasa tana ƙyalli" shi ne ainihin bambancin da kimiyya take yi tsakanin abin da ke samar da haske da abin da ke mayar da shi. Yaro ya riga ya san ba a cewa tasa tana ƙyalli a cikin duhu. Aikin malami shi ne ya tambaye shi dalili.

3.2 Kalmomi Masu Harshen Damo

Matsala takan taso ne inda kalma ɗaya ta ɗauki ma'anoni da kimiyya ta rarrabe. Misalai uku sun isa:

(a) Inuwa. Ana cewa "ya zauna a inuwa", wato wurin da rana ba ta kai ba. Ana cewa "inuwarsa ta yi tsawo", wato baƙar siffar da ke bin mutum a ƙasa. Ana kuma cewa "ya ga inuwarsa a cikin ruwa", wato surar fuskarsa. Biyun farko abu ɗaya ne a kimiyyance, domin tare haske ne yake haifar da su. Na uku kuwa akasinsu ne, domin dawowar haske ce take haifar da shi.

(b) Rana. Kalmar tana nufin halittar da ke sama, tana nufin yini, tana kuma nufin haske da zafin da ke sauka ƙasa, kamar a "shanya shi a rana" ko "rana ta shigo ɗaki".

(c) Wuta. Tana nufin wutar murhu, tana kuma nufin lantarki, kamar a "an kawo wuta" ko "an ɗauke wuta". Wannan yakan sa yaro ya zaci akwai abin da ke ci a cikin ƙwan lantarki kamar yadda lagwani yake ci a fitilar ƙwai.

Harshen damo ba aibi ba ne, kowane harshe yana da irinsa. Amma a cikin darasi dole malami ya fayyace ma'anar da yake nufi.

3.3 Maganganun Gani da na Duhu

Idan aka duba yadda Hausawa suke maganar gani, za a tarar ido ne kullum yake aikin tafiya. Ana cewa "ya kai idonsa", "ya jefa ido", "ya zuba ido", "idona ya faɗa kansa", "iyakar inda ido ya kai". Ana kuma maganar "hasken ido". Duk waɗannan suna sa yaro ya ɗauka cewa wani abu ne yake fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo. Idon kyanwa da yake ƙyalli da dare yana ƙara ƙarfafa masa wannan zato, alhali kuwa wani shimfiɗi ne a can bayan idonta yake mayar da hasken tocilar da aka haska ta da ita.

Wannan zato tsoho ne ƙwarai. Manyan masanan Girka irin su Iƙlidis da Baɗalamus a kansa suka tafi. Wanda ya rushe shi da hujja da gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 a matsayin Shekarar Haske, kuma cikar wannan aiki nasa kimanin shekara 1,000 na cikin abubuwan da aka tuna a shekarar. Abin lura ga malami shi ne, zaton da ya ɗauki masana ƙarnuka kafin su rabu da shi ba zai fita daga kan yaro da jimla ɗaya a kan allo ba.

Haka abin yake ga duhu. Ana cewa "duhu ya shigo", "duhu ya rufe gari", "duhu ya yaye", kamar dai wani mayafi ne da ake lulluɓawa. A kimiyyance duhu rashin haske ne kawai. Ana iya kunna fitila a kawo haske, amma babu wata na'ura da ake kunnawa ta zubo duhu. Masanin tunanin yara Jan Piyaje, mutumin Suwizalan, ya nuna tun a 1927 cewa ƙananan yara sukan ɗauki inuwa a matsayin wani baƙin abu da ke fitowa daga jikin mai ita. Ke nan yaron Hausa bai bambanta da sauran yaran duniya ba, sai dai malaminsa yana bukatar sanin kalmomin da zaton yake ɓuya a cikinsu.

4.0 Matakan Koyarwa

Ƙa'idar da ta ratsa duk matakan ita ce: a fara da tambaya, a bar yara su faɗi zatonsu da bakinsu, a yi gwaji, sannan a ba abin suna. A azuzuwa na 1 zuwa 3 lura da bayyanawa ake so. Awo da rubuta sakamako sai a azuzuwa na 4 zuwa 6.

4.1 Mafarin Haske

Malami ya nemi yara su lissafo duk abin da ke ba da haske a gida da waje. Za su kawo rana, wata, aci-bal-bal, kyandir, tocila, wayar hannu, madubi da sauransu. Kada ya gyara musu tukuna. Sai ya raba allo gida biyu, ya yi tambaya ɗaya a kan kowane abu: "Idan aka shiga da shi ɗaki mai duhu aka rufe ƙofa, zai haska ɗakin?" Da kansu za su fitar da madubi daga jerin farko. Wata ne zai kawo gardama, kuma ya kamata a ajiye gardamar sai an zo darasin dawowar haske.

4.2 Haske da Gani

A sami kwali mai murfi, a huda ƙaramar kafa a gefe ɗaya don leƙawa, a yanka 'yar taga a sama wadda za a iya buɗewa da rufewa. A saka wani abu a ciki, kamar lemo ko 'yar tsana, ba tare da yara sun gani ba. Kowane yaro ya leƙa taga tana rufe, sannan ya sake leƙawa tana buɗe. Tattaunawar tana iya kasancewa kamar haka:

Malam: Da farko idonki a rufe yake?
Ɗaliba: A'a Malam, a buɗe yake.
Malam: To me ya hana ki gani?
Ɗaliba: Duhu ne a ciki.
Malam: Da na buɗe taga, me ya shiga?
Ɗaliba: Haske.
Malam: Ya sauka a kan me? Daga nan kuma ina ya tafi?

Tambayar ƙarshe ita ce zuciyar darasin. A sa yara su zana rana da lemo da ido, su ja kibiya daga rana zuwa lemo, wata kuma daga lemo zuwa ido. Duk yaron da ya ja kibiya daga ido zuwa lemo, malami ya san har yanzu tsohon zato yana nan.

4.3 Tafiyar Haske a Miƙe

Yara sun saba ganin hasken rana ya ratso ta kafar rufi ko ta zana, ya miƙe kamar sanda, musamman lokacin hunturu ko bayan shara idan ƙura ta tashi. Daga nan ya kamata a fara. Sannan a ba yaro guntun tiyon roba ya hangi kyandir ta cikinsa, a lanƙwasa tiyon, kyandir ya ɓace masa. Manyan azuzuwa suna iya yin irin gwajin da Ibnul Haisam ya yi da ɗaki mai duhu: a huda gindin gwangwani da ƙusa siririya, a rufe bakinsa da takarda mai maiƙo, a fuskantar da hudar ga kyandir. Surar harshen wutar za ta bayyana a kan takardar kai a ƙasa, domin hasken da ya taso daga sama ya ratsa huda ya sauka ƙasa, na ƙasa kuma ya tafi sama.

Game da gudun haske, damina ta wadatar da misali. Walƙiya da tsawa tare suke faruwa, amma ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa, saboda sauti mita 340 kawai yake yi a sakan ɗaya. Idan yara suka ƙirga sakan 3 tsakanin su biyun, to abin ya faru a nisan kimanin kilomita 1.

4.4 Inuwa

A tara abubuwa iri uku: waɗanda haske yake ratsawa sarai, kamar gilashin taga da ruwa garai-garai, waɗanda yake ratsawa kaɗan, kamar mayafi shara-shara da takardar da aka ƙunshe ƙosai a ciki, da waɗanda suke tare shi gaba ɗaya, kamar katako da faranti. Yara su haska kowanne da tocila su duba bango. Za su gane cewa inuwa tana bukatar abu uku: mafarin haske, da abin da zai tare shi, da wurin da za ta sauka. Wasan da suka saba yi da dare na fitar da siffar zomo ko kare da yatsu a jikin bango yana nuna musu cewa inuwa tana girma idan hannu ya matsa kusa da fitila.

Bayan haka a kafa sanda mai tsawon mita 1 a filin makaranta, a riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta kowace awa. Da safe inuwar doguwa ce tana kallon yamma, da rana tsaka ta gajarce, da la'asar ta sake tsawo tana kallon gabas. A nan karin maganar nan "inuwar giginya, na nesa ka sha" zai yi amfani: giginya doguwa ce, ganyenta duk a ƙoli yake, don haka da zarar rana ta karkata sai inuwar ganyen ta faɗa nesa da gindin. Haka kuma yara da yawa sun ji a makarantar allo cewa lokacin la'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar da ta rage masa da rana tsaka. Wannan awo ne na kimiyya da malaman fiƙihu suka daɗe suna yi.

Akwai wani abu da ya kamata malami ya kiyaye. Littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai sukan ce inuwar rana tsaka arewa take kallo koyaushe. Wannan gaskiya ne a can, amma ƙasar Hausa tana cikin yankin da rana take bi ta tsakar ka sau biyu a shekara. A Kano, wadda take kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, hakan yana faruwa wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, tsakanin ƙarfe 12:20 da 12:30 na rana. A waɗannan ranaku sandar da aka kafa a miƙe kusan ba ta da inuwa. Tsakanin ranakun biyu inuwar rana tsaka kudu take kallo, sauran shekara kuma arewa. Yaran da suka auna wannan da hannunsu sun koyi cewa ana iya gwada abin da littafi ya faɗa.

4.5 Dawowar Haske

A ba yara ƙaramin madubi su karkatar da hasken rana zuwa bangon aji. A kwatanta musu da ƙwallon da aka buga a bango ya dawo. Sannan su leƙa fuskarsu a ruwan da ya kwanta a cikin ƙwarya, a motsa ruwan su ga fuskar ta wargaje. Abu mai santsi yana mayar da haske a tsare, shi ya sa ake ganin sura a cikinsa. Abu mai kaushi kuwa watsa hasken yake yi ta ko'ina.

A nan ne za a warware harshen damon kalmar inuwa. A tsayar da yaro a rana da madubi a hannunsa, a tambaye shi: "Wadda ke ƙasa tana da ido da baki? Tana da launin rigarka? Ta cikin madubi fa?" Daga nan sai a yi yarjejeniya da aji cewa a darasin kimiyya ta ƙasa ita ce inuwa, ta cikin madubi ko ruwa kuwa sura za a riƙa kiranta.

Yanzu ne za a koma ga gardamar wata. A ɗaki mai duhu a haska lemo da tocila daga gefe ɗaya, yara su zagaya shi. Wani zai ga siririn gefe kamar jinjirin wata, wani ya ga rabi, wani ya ga duka kamar daren sha huɗu. Lemon ba shi da haske nasa, haka ma wata.

4.6 Karyewar Haske

A tsoma fensir a cikin kofin gilashi mai ruwa, a duba daga gefe, za a ga kamar ya karye. A kuma ajiye tsakuwa a cikin kwano, yaro ya ja baya har bakin kwanon ya ɓoye masa ita, a zuba ruwa a hankali, sai tsakuwar ta bayyana. Dalili shi ne haske yana sauya hanya idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Wannan darasi yana da alaƙa da tsaron rai, domin abin da ya ɗago tsakuwar shi ne yake sa ruwa mai tsabta ya yi kamar ba shi da zurfi. Wanda ya leƙa daga sama kashi uku cikin huɗu kawai na zurfin yake gani. Ya kamata a faɗa wa yara wannan a fili kafin damina ta cika kududdufai.

Kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta lokacin bazara ita ma daga nan take. Iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa hasken da ya sauko daga sararin sama ta mayar da shi ido, mai kallo ya zaci ruwa ne kwance.

4.7 Launuka da Bakan Gizo

A 1666 Ishaƙ Niyuton, mutumin Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya nuna cewa farin haske yana rarrabuwa zuwa launuka. Makarantar da ba ta da irin wannan gilashi tana iya jingina madubi a karkace cikin kwano mai ruwa, a sa a rana, a karkatar da hasken zuwa farin bango. Ko kuma da hantsi ko la'asar yaro ya juya wa rana baya ya fesa ruwa da baki kamar yadda masu guga suke yi. Zai ga ɗan ƙaramin bakan gizo a cikin feshin.

Hausawa sukan kira bakan gizo masha-ruwa, suna cewa shi ne yake shanye hadari. Malami ya karɓi lurar, ya gyara dalilin. Bakan gizo ba ya fitowa sai akwai ɗigon ruwa a gaban mai kallo, rana kuma a bayansa ta sami kafa. Wato gajimare bai rufe sama duka ba, shi ya sa sau da yawa fitowarsa takan zo daidai da tsagaitawar ruwa.

Wajen sunayen launuka akwai ja, ruwan goro, rawaya ko ruwan ɗorawa, kore ko tsanwa, shuɗi, ruwan baba da shunayya. Sunayen sun bambanta daga kari zuwa kari, kuma Bahaushe yakan kira shuɗi mai duhu baƙi, kamar yadda ake kiran rinin karofi. Kada a tilasta wa yaro ya ce ya ga bakwai. Launukan a haɗe suke babu iyaka tsakaninsu, shi kansa Niyuton biyar ya fara lissafawa kafin ya mayar da su bakwai.

5.0 Husufi da Kiyaye Ido

A al'adance idan aka yi husufin wata akan ce rana ce ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwanaye don ta sake shi. Da tocila da ƙwallo da lemo ana iya nuna cewa a lokacin rana tana gefe ɗaya, wata yana ɗaya gefen, duniya ce ta shiga tsakani inuwarta ta faɗa kan wata. Shi ya sa husufin wata ba ya faruwa sai tsakiyar watan Musulunci. Husufin rana kuwa sai ƙarshen wata, lokacin da wata ya shiga tsakanin rana da duniya. Ba a samun su kowane wata saboda hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5.

A ranar 29 ga Maris, 2006, an yi cikakken husufin rana wanda ya ratsa sassan Zamfara da Katsina ya shiga Jamhuriyar Nijar. Lissafin masana ya nuna wani cikakken zai ratsa Nijeriya da Kamaru da Chadi a ranar 20 ga Maris, 2034. Kallon rana kai tsaye yana ƙona shimfiɗin da ke karɓar haske a bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi, don haka yaro ba zai san ya cutu ba sai daga baya. Baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi da kallon surar rana a cikin ruwa duk ba su da kariya. Hanya mai aminci ita ce a juya wa rana baya, a huda takarda, a bar hasken ya sauka a kan wata takardar. A ƙarƙashin darbejiya ma, 'yan da'irorin hasken da ke ƙasa surorin rana ne, kuma lokacin husufi sukan koma kamar lauje. Haka nan a hana yara haska wa juna ido da madubi ko da 'yar tocilar nan mai jan ɗigo.

6.0 Samar da Kalmomin Fannu

Rubuta kimiyya da Hausa ba sabon abu ba ne. Tun kafin samun mulkin kai Abubakar Imam da Rupert East suka wallafa Ikon Allah, wanda ya yi bayanin halittu da Hausa mai sauƙi. Idan malami ya rasa kalma, hanyoyi uku ne a gabansa. Ta farko ita ce keɓe ma'anar kalmar da ake da ita, kamar yadda aka yi wa inuwa da sura. Ta biyu ita ce ƙira da harɗawa bisa tsarin harshen, kamar yadda aka sami madubi daga duba, ko dawowar haske da karyewar haske. Ta uku ita ce aro tare da hausantarwa, hanyar da ta ba Hausa fitila daga Larabci, da tocila da kyandir da gilashi daga Ingilishi. Sharaɗi shi ne malaman makaranta ɗaya su daidaita a kan kalma ɗaya, kuma kada a ba yaro kalma kafin ya ga abin da take nufi. Idan hakan ya samu, kalmar Ingilishi da za ta zo daga baya za ta tarar da ma'ana tana jiranta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa yaro yana zuwa aji da kalmomin haske masu yawa, wasu suna ɗauke da lura ta gaskiya, wasu suna ɓoye da zaton da ya saɓa wa kimiyya. Ba a neman malami ya hana yara cewa "ya jefa ido" ko "duhu ya shigo", domin Hausa ce ingantacciya. Abin da ake nema shi ne ya san inda salon magana ya rabu da yadda abu yake, ya kuma kai yara wurin ta hanyar gwajin da suka yi da hannunsu. Kwali da tocila da madubi da kwanon ruwa da sanda sun isa gudanar da dukkan darussan da aka kawo a wannan babi.

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar inuwa, ka bayyana wadda ta bambanta da sauran a kimiyyance.
2. Tattaro maganganu biyar daga karin Hausar garinku da ke nuna kamar gani daga ido yake fita.
3. Me ya sa bayanin da ke cewa inuwar rana tsaka arewa take kallo koyaushe bai dace da ƙasar Hausa ba?
4. Tsara darasi na minti 35 ga 'yan aji uku a kan dawowar haske, ka nuna tambayoyin da za ka yi da kayan da za ka tanada.
5. Bayyana hanyoyi uku na samar da kalmomin fannu, tare da misalai biyu-biyu waɗanda ba a kawo a babin ba.